Kokon Mahaifiyata da Binciken Abokina

Shekarun baya, tun ana bin hanyar Sabuwa ba tare da an tsaya tambayar masu fitowa yadda suka baro ta ba, abokina ya zo mini Ketare da wata buƙata. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan, kunya ke hana ni. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Ni mutumin ajami ne, har yau in zan rubuta boko sai hannuna ya nemi farawa daga dama, sai na lallashe shi ya dawo.

Tare muka yi karatun allo da shi a zauren mahaifina. Shi aka sa shi boko ya yi ta tafiya, ni na zauna na gaji zauren. Bai taɓa yanke ni ba. Duk inda karatu ya kai shi sai ya aiko mini da wasiƙa, kuma da ajami, don ya san da shi nake jin magana ta shige ni. Da ya dawo da digirin da ake ce wa mutum Dokta, mutanen garinmu suka yi ta kawo masa ciwon baya da ciwon ido. Yakan yi dariya ya ce shi ba likitan asibiti ba ne, ko allura bai iya yi wa mutum ba. Na tambaye shi to me ya karanta duk shekarun nan. Ya ce, "Malam, ni bin sawun loma nake. Daga sa'ar da ka haɗiye tuwo, ina ya tahi, mi ya zama, wane ya shiga jini, wane ya zama ƙarhi, wane jiki ya ajiye. Kai kana bin sawun harafi, ni ina bin sawun loma." Daga baya na ji ana kiran fannin nasa ilimin sinadaran jikin mai rai, amma ni bayaninsa na farko na riƙe.

Abin da ya kawo shi a wancan zuwan shi ne yana son ya auna sukarin da ke jinin manoman yankinmu. Ya ce littattafan da ya karanta duk a kan mutanen wasu ƙasashe aka rubuta su, masu cin abin da ba ma ci, kuma ba wanda ya zauna ya duba mai cin tuwon dawa da fura. Ya zaɓi wuri uku: Sheme a ƙasar Faskari, da wani ƙauye a Sabuwa, da Ketare. Sharaɗin gwajin guda ɗaya ne, ya kuma maimaita mini shi har na fara jin haushi. Wanda za a auna, daga tuwon dare kada ya sake sa komai a baki sai ruwa, har a ɗebi jininsa da safe. Ya ce ko ɗan kunu mutum ya kurɓa, abin da na'urar za ta nuna ba gaskiyar jikinsa ba ce.

A Sheme ajin makaranta aka ba shi, a Sabuwa wani ɗakin shan magani. A Ketare kuwa na ce ba inda za a yi sai zaurena. Aikina shi ne in tara mutane bayan sallar asuba, in tambayi kowa ko ya ci wani abu, in rubuta sunansa da amsarsa a littafi. Shi kuma a Kankara yake kwana saboda ƙanƙarar da yake ajiye kwalaben jini a ciki, sai rana ta ɗan ɗaga motarsa ke isowa.

Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne mahaifiyata.

Ranar farko, mutane sun taru, wasu daga unguwanni masu nisa a ƙasa suka tako. Matan suka shige cikin gida gaishe ta kamar yadda aka saba. Ban ankara ba sai ga babbar ƙwarya ta koko an turo zaure, tana tururi, da ludaya a kai. Na tashi na shiga na same ta bakin murhu.

Na durƙusa na ce, "Inna, Dokta ya ce kada su ci komai sai an auna su."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Azumi aka ce su yi?"

"Kusan haka ne, Inna."

"Sun yi niyya?"

Na ce ba su yi ba.

Ta ce, "Mutum ya baro gidanshi tun bai ga tahin hannunshi ba, ya zo ƙofata, in bar shi da busasshen baki? Mi za a ce da ni garin nan? Shi Doktan naku, ba wanga kokon ya sha har ya kai inda ya kai ba? Ban ga ya hana shi karatu ba."

Kuma saboda baƙi ne, ba ta tsaya a koko kawai ba. Sukari ta zuba da sakakken hannu, don kada wani ya koma gida ya ce an yi masa rowa.

Ina da gemu a lokacin, ina jan mutane salla, amma ban iya ce mata a'a ba. Na koma zaure na tarar har an fara zagayawa da ludayi. Na gaya wa kaina ai ɗan kaɗan ne, kafin motar ta iso ya narke. Kafin Dokta ya zo an kwashe ƙwarya an share wurin. Ya sauko da jakarsa ya ce, "Malam, kowa lahiya? Ba wanda ya ci komai?" Mutanen suka dube ni. Ba wanda zai buɗe baki ya ce Hajiya ta ba shi koko, kamar yana kai ƙararta. Ni kuma na ce, "Bismillah, a fara." Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na kuma ɗauka wannan wayo ne.

Sai dai akwai abin da hannuna ya ƙi yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da yake koya mini kwafar littafi, ya hore ni da cewa mai alƙalami ba ya wuce wurin da yake shakka ya yi kamar bai gani ba. In ka ga abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka sa alama a gefe, na bayanka ya san akwai magana a wurin. Don haka a gaban kowane suna na rubuta bai ci ba, kamar yadda ake so, amma duk wanda na ga ya sha kokon sai in tsoma alƙalami a jan tawada in ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen takarda. Waɗanda suka makara suka zo bayan an kwashe ƙwarya, da 'yan kaɗan da suka ce sun gode, su ba su da ɗigo. Haka aka yi ta yi har aka gama. Kullum da safe koko, kullum jan ɗigo, kullum in ce gobe zan gaya masa.

Ya kwafi sunayen da amsoshin zuwa boko, ya bar mini littafina, ya koma jami'a.

Bayan wasu watanni ya dawo, fuskarsa da wani haske da ban saba gani ba, haɗe da damuwa. Ya ce sakamakon ya fito, mutanen Sheme da na Sabuwa sukarinsu daidai yake, amma na Ketare ya yi sama ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa lura da haka. Ya ce ko ruwan rijiyoyinmu ne, ko irin dawar da muke shukawa, ko wani abu ne a jinin zuriyar garin. Ya bi rijiya rijiya yana ɗibar ruwa a kwalba, ya karɓi dawa daga rumbuna. Ni na riƙe masa jakar. Ya gaya mini ya rubuta takarda a kan abin, zai karanta ta a gaban taron masana, kuma in ta karɓu sunansa zai fita, garinmu ma a waiwaye shi. Da rana muka zauna muka ci tuwon Inna a kwano ɗaya, yana ta bayani yana zana abubuwa a ƙasa da yatsa. Na raka shi har mota, na yi masa addu'ar sauka lafiya, ban faɗa ba.

Kafin ya tafi ya kira waɗanda sukarinsu ya fi hawa ya ja musu kunne a kan abinci. A cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, manomi, wanda duk ranar Allah sai ya leƙo ya gaishe da Inna. Tsoro ya kama shi. Ya bar fura, ya rage tuwo, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Wata safiya Inna ta miƙa masa koko ya ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, Dokta ya ce jinina ya yi zaƙi."

Da ya fita ta aika a kira ni. Ta ce, "Ka faɗa mishi?"

Na ce, "Wa, Inna?"

"Kada ka maishe ni yarinya. Abokinka."

Na ce ban samu dama ba.

Ta daɗe tana juya muciya a tukunya kafin ta ce, "Ni na dama koko, ban ɓoye ba, kowa ya gani. Ni ban san abin zai kai haka ba. Kai ka sani, kai kuma ka riƙe alƙalami. In an tambaye ni gobe, zan ce na ciyar da baƙo. Kai mi za ka ce?"

Washegari na ɗauki littafin na hau mota.

Na same shi a ɗakin gwajinsa, cikin farar riga, kwalabe jere a gabansa, saura 'yan kwanaki taron. Ya yi murna da ganina, ya ce, "Yau Alaramma da kanshi a jami'a? Ko ka zo a ba ka digiri?" Na ce mu samu wurin da ba kowa. Muka shiga ofishinsa ya rufe ƙofa. Na faɗa masa komai, tun daga ƙwaryar farko. Ban ɗora wa Inna laifi ba, don ba ita aka ba amana ba.

Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Na fi son ya yi faɗa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Malam, da ka faɗa mini ranar farko, kwana ɗaya zan rasa."

Na ce haka ne.

"Na bi rijiyoyi. Kai ka riƙe mini jaka."

Na ce haka ne.

"Na tsorata bayin Allah a kan cutar da ba su da ita."

Na tura masa littafin, na buɗe, na nuna masa gefen takarda. Na ce duk mai jan ɗigo ya sha, marar ɗigo bai sha ba. Ya mayar da tabaransa ya sunkuya. Ya ce, "Wanga? Na gan shi tun ran nan. Na ɗauka ado ne irin naku na masu rubutu." Ya jawo takardunsa ya fara bi suna suna, yana ware masu ɗigo gefe guda. Ina zaune ina kallonsa har aka kira azahar. Da ya gama ya jingina da kujera ya ce marasa ɗigon nan sukarinsu daidai yake da na mutanen Sheme da Sabuwa. Babu komai a rijiya, babu komai a dawa, babu komai a jinin zuriya. Kokon Inna ne.

Na ce ko zai fasa zuwa taron. Ya ce a'a, an riga an sa sunansa, zai je. Daga baya wani da ya halarta ya ba ni labari cewa ya miƙe a gaban manyan malamansa ya ce abin da ya aiko musu a rubuce kuskure ne, ya bayyana yadda aka yi, ya ce laifinsa ne da bai tsaya a wurin da kansa ba. Bai ambace ni ba. Wasu sun yi dariya. Aikin shekara guda ya tafi, ƙarin girman da yake sa rai ya wuce shi a wannan karon. Wata da watanni ban ga wasiƙarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan damina sai ga motarsa a ƙofar gida. Bai tsaya zaure ba, ya yi sallama ya shige ciki ya durƙusa gaban Inna. Ta fara cewa, "Dokta, ka yahe mini," ya katse ta ya ce, "Inna, aiki na zo ba ki. Wancan kokon nake so ki sake damawa, daidai yadda kika yi. Amma wanga karon ina zaune." Ya ce tunda ya ga abin da ludayi biyu na koko mai sukari ya yi wa jinin mutum, yana son ya san abin da marar sukari ke yi, da fura, da tuwon dawa, da na masara, kowanne shi kaɗai, a auna kafin a ci, a auna bayan an ci. Inna ta ce, "Wato yanzu ka yarda a ba baƙo abinci." Ya ce, "Na yarda, Inna, amma da awo." Kafin ya zauna sai da ya je gidan dattijon nan ya ba shi haƙuri, ya ce ya koma wa furarsa.

Daga nan hanyar bincikensa ta miƙe, a kanta kuma ya ƙare rayuwarsa: abin da cimarmu ke zama a cikin jikinmu. Ya yi shekaru yana zagaya Kankara da Faskari da Sabuwa. Ya zama Farfesa, ya yaye ɗalibai da yawa, aka riƙa gayyatarsa ƙasashen waje, masu rubutu a fannin suna kafa hujja da aikinsa. Ni ban iya karanta ko ɗaya daga takardunsa ba, da Turanci suke. Amma duk wadda ta fito sai ya aiko mini da shafi guda na ajami, ya taƙaita mini abin da ke ciki kamar yana yi wa ɗan aji ɗaya bayani. A ƙasan kowace wasiƙa yakan ɗiga jan ɗigo ɗaya. Bai taɓa cewa komai a kansa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Sai hanya ta lalace saboda 'yan bindiga. Ƙauyukan da yake bi a Sabuwa wasu suka watse, mutanen da ya shekara yana aunawa ya rasa inda suka koma. Ni da kaina na riƙa hana shi zuwa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce abin da yake so bai wuce ya zauna a zaurena da safe a turo ƙwarya ba, ba na'ura, ba littafi. Lokacin Inna ta riga ta rasu. Shi ma bai daɗe ba ya bi ta, labarin bai iso ni ba sai bayan an rufe shi. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Abin da ya tayar mini da zancen nan shi ne, kwanakin baya jiri ya dame ni, likita a Kankara ya ce in zo da safe a auna sukarina, kada in ci komai. Na je. Mai gwajin wata mata ce mai natsuwa, ta manyanta. Ta ce, "Baba, ka ci wani abu yau?" Na ce ban karya ba. Ta ɗauki allura, sai ta dakata ta ce, "Baba, yi haƙuri. Daga ina ka taho?" Na ce Ketare. Ta ce, "Da ka shigo gari, ba ka biya gidan kowa ba? Ba wanda ya miƙo maka wani abu ka ji nauyin ƙi?"

Na dube ta. Na ce wa ya koya mata wannan tambayar.

Ta ce wani malaminsu ne a jami'a, ya rasu. Ta ce ba ɗalibin da zai wuce hannunsa bai haddace ta ba, kuma su ma yanzu haka suke koya wa na ƙasa da su. Yakan ce musu a ƙasar nan bai isa ka tambayi mutum ko ya ci ba, sai ka tambaye shi ko an ba shi. Ta yi murmushi ta ce, "Har labari yake ba mu, na wata tsohuwa mai koko da wani malami mai jan tawada. Yakan ce su biyun ne suka koya masa bincike."

Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Na sunkuyar da kai ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Ta ce, "To Baba, an ba ka?"

Gaskiyar magana, da na sauka mota na biya gidan ƙanwata in gaishe ta, ta kuwa rantse ba zan fita ba sai na kurɓi kunu. Kurɓa uku na yi. Na riga na gaya wa kaina ai ɗan kaɗan ne.

Na ce, "An ba ni, 'yata."

Ta mayar da allurar ta ce in dawo gobe, kuma in zo kai tsaye. Kwana ɗaya na rasa.

A mota ina komawa na yi ta tunanin yadda ilimi ke tafiya. Na ɗauka abin da abokina ya bari yana cikin takardun nan da ban iya karantawa, a ɗakunan karatu na nesa. Ashe wani yankinsa yana nan Kankara a bakin matar da ba ta taɓa shiga zaurena ba, kuma da muryar Inna a ciki. Na kuma gane cewa shirun da na yi na wata da watanni ina kiransa kunya da biyayya, tsoro ne kawai. Shi da ya miƙe gaban malamansa ya ce na yi kuskure, ya fi ni sanin abin da mahaifina yake nufi da alamar gefe, alhali ni aka koya wa.

Da na isa gida na buɗe akwatin da wasiƙunsa suke, na shimfiɗa su a kan buzu. Tawadar baƙin ta fara kodewa, jan ɗigon ne bai canja ba. Zauren yana nan yadda ya san shi. Da safe har yanzu ana turo ƙwarya daga cikin gida, matata ta gaji wannan, ni kuma har yanzu kunnena yana zuwa bakin hanya in rana ta ɗan ɗaga, lokacin da motarsa ke isowa.